Nazarin lamari: ɗalibar lauya a Amurka da ta canja makaranta bayan shekarar farko

Asalin lamarin

Yarinyar da zan kawo labarinta haifaffiyar Bronx ce a birnin New York, iyayenta ƴan zangon Kumasi ne, baban direban tasi, maman kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ba zan faɗi sunanta ba kuma ba zan faɗi sunan makarantun biyu ba, ita ta roƙa a bar su.

Kafin a shiga maganar sai an gane yadda karatun lauya yake a can, don ba irin na Najeriya ba ne da mutum zai fito sakandare ya yi LLB shekara 5 sannan ya wuce Law School. A Amurka sai ka gama digiri na farko a kowane fanni, ka zana jarrabawar LSAT wadda makinta yake daga 120 zuwa 180, sannan ka shiga karatun digirin lauya, wato JD, na shekara 3. Makarantun da ƙungiyar lauyoyi ta ABA ta amince da su sun kusa 200, kuma mujallar U.S. News ce take jera su duk shekara daga ta ɗaya har ƙasa. Guda 14 ɗin da suka saba zama a sama su ake ce wa T14, irin su Yale, Stanford, Harvard, Chicago, Columbia, NYU har zuwa Georgetown. Manyan kamfanonin lauyoyi masu biyan albashi mai tsoka daga nan suke kwasar da yawa daga sabbin ma'aikatansu, makarantun ƙasa kuwa sai ƴan ƙalilan da suka fi kowa maki ake waiwaya.

Ita makinta na LSAT bai kai na T14 ba, tana aiki cikakke a lokacin da take shirin jarrabawar, da daddare kawai take karatu. Makarantar da ta ba ta tayi mafi kyau tana can wajen ta 100 a jeri, amma sun yafe mata kashi uku cikin huɗu na kuɗin makaranta, kuma daga gida za ta riƙa zuwa a jirgin ƙasa babu maganar haya. Ta shiga a Agustan 2022. Abin da take so tun farko ta san shi sarai, aikin lauyan kamfanoni a ɗaya daga manyan ofisoshin New York, don ta sauke baban daga tuƙin dare.

Agusta zuwa Disamba 2022: zangon farko

Shekarar farko kusan iri ɗaya ce a duk makarantun, dokar kwantiragi, dokar diyya, dokar laifuka, dokar dukiya, tsarin shari'ar farar hula, tsarin mulki, sai kwas ɗin rubutun lauya. Yawancin kwasa-kwasan jarrabawa ɗaya ce tal a ƙarshen zango ke yanke makinka, kuma ba a ba da maki yadda aka ga dama, gwada ka ake da ƴan ajinku, A ɗin ƙidayayye ne komai ƙoƙarin ajin.

Hanyar da ta fara bi ita ce hadda, irin wadda ta fitar da ita a digirin farko. Kowace shari'a sai ta rubuta taƙaitawarta da hannu, sunan masu ƙara, shekara, abin da alƙali ya ce, har litattafan rubutu suka taru a gefen katifa. Jarrabawar kuwa ba ta tambayar wannan. Labari ake ba ka mai shafi biyu ko uku, wane ya sayar wa wane mota, wane ya faɗi a bakin shago, a ce ka zaƙulo duk matsalolin doka da ke ciki ka yi wa kowane ɓangare hujja cikin awa uku. Ta san dokar amma ba ta saba da gudun ba, a kwantiragi ma ba ta taɓa tambayar ƙarshe ba lokaci ya cika.

Sakamako ya fito a Janairun 2023, GPA ɗinta, wato matsakaicin makinta, 3.5, wanda ya sa ta cikin kashi 15 na sama a ajin da bai cika mutum 200 ba. A makarantar wannan sakamako ne mai kyau, tallafinta ya tsira. Amma da ta je ofishin masu ba da shawarar aiki ta tambayi mutum nawa ne suka samu manyan kamfanoni a ajin da ya fita, adadin da aka nuna mata ƴan tsiraru ne, kuma kusan dukkansu daga sahun farko na ajin suke.

Janairu zuwa Afrilu 2023: gwajin farko

A watan Nuwamban 2022 Yale da Harvard suka ce sun daina ba U.S. News bayanansu, wasu makarantun suka bi sahu, har ƴan ajinsu suna ta cewa ai jerin ya mutu. Ita dai ba ta ga kamfanonin sun canja inda suke ɗaukar mutane ba, don haka ta fara binciken tiransifa.

Abin da ya fi yi mata amfani a nan shi ne rahoton da ake kira 509, wanda ABA ta wajabta wa kowace makaranta ta fitar duk Disamba, kyauta ne a intanet. A ciki za ka ga ɗalibai nawa suka shigo ta tiransifa, nawa suka fita, GPA ɗin shekarar farko na waɗanda aka ɗauka, har da sunayen makarantun da suka fito idan adadin ya kai. A nan ta ga bambancin yana da girma, Georgetown ta sha ɗaukar wajen mutum 100 ko fiye a shekara guda, Harvard da Columbia da NYU sukan ɗauki gommai, Yale da Stanford kuwa ƴan kaɗan ne ƙwarai. Ta kuma gane LSAT ɗin da ya tare ta da farko yanzu ba shi da wani nauyi sosai, saboda makin ɗan tiransifa ba ya shiga lissafin matsakaicin LSAT na sabbin ɗalibai da ake jera makarantu da shi, abin da ake kallo shi ne matsayinka a aji da kuma ƙarfin makarantar da ka fito. Daga makaranta irin tata, in ba ka cikin kashi 5 zuwa 10 na sama to da wuya T14 su kalle ka.

Akwai makarantu ƴan ƙalilan da ke buɗe ƙofar wuri, su duba ka da makin zango ɗaya kawai. Ta cike ɗaya a watan Maris ta hanyar LSAC, hukumar da ke shirya LSAT kuma ake bi ta hannunta wajen neman shiga. A Afrilu amsa ta zo, ba su ɗauke ta ba kuma ba su kore ta ba, sun ce sai sun ga makin zango na biyu. Kuɗin fom ya tafi, ga lokacin da ta ɓata kan rubuta wasiƙar bayanin kai a tsakiyar zango, wadda daga baya ma sai da ta sake ta gaba ɗaya don ta cika ta da yabon sunan makarantar ba tare da ta faɗi me za ta yi a can ba.

Abu ɗaya da ta gyara a wannan zangon shi ne salon karatu. Ta ɗauki takardar jarrabawar kwantiragi ta kai wa farfesan a ofis, ya bi ta layi-layi da jan biro ya nuna mata inda ta rubuta doka shafi guda ba ta haɗa ta da labarin ba ko sau ɗaya. Daga nan ta ajiye dogayen taƙaitawa, ta koma ɗauko tsofaffin jarrabawoyi daga laburare tana zana su da agogo a gaba tun daga tsakiyar zango, su uku suke haɗuwa ranar Lahadi kowa ya duba na ɗan'uwansa. Azumin shekarar ya faro ne a ƙarshen Maris ya kai har bayan tsakiyar Afrilu, daidai lokacin shirin jarrabawa, sai ta mayar da karatun mai nauyi bayan sahur.

Mayu zuwa Yuli 2023: neman shiga da rigimar gida

Makin zango na biyu ya fito a farkon Yuni, 3.9, jimilla ta tashi wajen 3.7, ta zama ta 7 a aji. Nan take ta tura wa makarantu 6 har da wadda ta jinkirta ta a Afrilu, biyar a T14, ɗaya a ƙasa kaɗan don ko-ta-kwana. Takardun da ake nema ba su da yawa amma kowanne yana hannun wani, sakamakon shekara cikakke, wasiƙar shaidar cewa ba ka da matsala daga ofishin shugaban makaranta, wasiƙar shaida daga farfesa ɗaya ko biyu, sai bayanin kai. Farfesan kwantiragin nan shi ya rubuta mata babbar wasiƙar, kuma abin da ya sa ta yi ƙarfi shi ne ya ga takardarta ta Disamba ya kuma ga yadda ta koma, yana da abin faɗa na gaske.

Da ta nemi wasiƙar ofishin shugaba sai aka ce ta zo a zauna tukuna. A zaman aka yi mata tayin cike tallafin ya zama ba za ta ƙara biyan ko sisi na kuɗin makaranta ba, ga kujera a mujallar shari'a da zaɓaɓɓun ɗaliban makarantar ke gudanarwa, wadda matsayinta ya riga ya ba ta, ga wani farfesa yana son ta zama mai taya shi bincike. Wannan tayin ba ƙarami ba ne wallahi, kuma duk wanda ya ce mata ta yi watsi da shi ba tare da lissafi ba bai yi mata adalci ba.

Lissafin kuwa ga shi. In ta zauna, bashinta zai tsaya kusa da abin da ta riga ta ci a shekarar farko, wajen dala 19,000, da ɗan abin da za ta ƙara na littattafai da sufuri. In ta tafi, kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, da haya da abinci da inshorar lafiya ya wuce 100,000, sau biyu. Ƴan tiransifa kuma ba kasafai ake ba su tallafin ƙwazo ba, Harvard da Yale da Stanford dama bisa buƙata suke bayarwa ga kowa, sauran kuwa yawanci cikakken kuɗi suke so daga wanda ya shigo a shekara ta biyu. Bashin gwamnatin tarayya na shekarar 2023, dala 20,500 na farko ruwansa 7.05 cikin ɗari, ragowar da ake ci ta wani tsarin bashin gwamnatin mai suna Grad PLUS ruwansa 8.05, kuma ruwan yana fara hawa tun kana aji.

A nan ne gida ya ɗauki zafi. Baban bai damu da nisa ba, kuɗin ruwan ne ya tsaya masa a rai, na shekarar farko ma da ƙyar ya yarda. Ya ce mata, ke yanzu an ce ki yi karatu kyauta kina kwana a ɗakinki, sai ki saki reshe ki kama ganye, ki ɗauko bashin riba da ya fi kuɗin gida a Kumasi? Ta ce Baba ku yi haƙuri ku duba takardar nan, ta shimfiɗa masa rahoton aikin yi na makarantun biyu a kan tabarmar falo, wanda shi ma ABA ke sa a fitar, layin kamfanoni masu lauyoyi sama da 500, a ɗaya ƴan tsiraru a ɗaya kuma fiye da rabin aji. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Sai da aka kai maganar gaban limamin masallacinsu, shi ma bai ce mata halal ne kai tsaye ba, ya dai ce malamai sun yi saɓani kan bashin karatu a ƙasar da babu wata hanya, in za ta ci to ta ci iya buƙata ta kuma gaggauta biya. Baban ya yarda amma ba da daɗin rai ba, har yau in maganar ta taso yakan yi shiru.

Amsoshi sun zo tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Yuli. Biyu sun ƙi, ɗaya ta sa ta a jerin jira, uku sun ɗauka, ciki har da wadda ta jinkirta ta a Afrilu. Ta rubuta wa biyu tana roƙon tallafi ta haɗa da tayin tsohuwar makarantarta, duka suka ce babu. Ta zaɓi ɗaya a T14 da ke wajen New York, aka ba ta ƴan kwanaki ta biya kuɗin riƙe gurbi.

Yuli zuwa Agusta 2023: intabiyu

Wannan shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya, kuma saura ƙiris ya wuce ta. Manyan kamfanoni suna ɗaukar ɗalibi ne aikin bazara na bayan shekara ta biyu, daga nan kusan kowa ake ba shi aikin dindindin, kuma zaɓen ana yin sa tun kafin a shiga shekara ta biyun ta hanyar intabiyun da makaranta ke shiryawa, wanda ake kira OCI. Ranar da ta samu shiga manhajar makarantar saura kwana kaɗan a rufe zaɓen kamfanoni. Ta cika jerin da sunayen da kowa ya sani, waɗanda ko ƴan asalin makarantar sai masu babban maki suke samu, ga shi kuma wasu kamfanonin sun riga sun cike rabin gurabensu tun Yuni ta hanyar neman kai tsaye, abin da ya yawaita tun bayan da ƙungiyar NALP mai kula da harkar ɗaukar lauyoyi aiki ta janye ƙa'idojinta na lokacin ɗaukar ɗalibai a ƙarshen 2018.

Intabiyun minti 20 ne kowanne ta bidiyo, ta yi fiye da goma, biyu kawai suka kira ta zagaye na biyu, kuma duka biyun ba su ba ta ba. Kusan kowa sai ya tambaye ta me ya sa ta canja makaranta, amsarta ta farko kuma tana fita kamar tana kushe inda ta fito.

Wata mai ba da shawara a sabuwar makarantar ce ta zaunar da ita ta ce ta daina kare kanta, ta faɗi matsayinta na 7 a aji da bakinta, ta faɗi irin aikin da take so, ta tsaya a nan. Ta kuma ba ta sunayen tsofaffin ɗaliban da su ma ta tiransifa suka shigo kuma suna aiki a New York. Ta riƙa tura musu imel ɗaya bayan ɗaya, wasu ba su amsa ba, wata ta amsa ta miƙa takardunta ga masu ɗaukar aiki a ofishinsu. Kafin ƙarshen Agusta ta samu tayi biyu, duka ta wannan hanyar ba ta OCI ba, ta karɓi ɗaya.

Satumba 2023 zuwa Mayu 2025: zama a sabuwar makaranta

Abin da aka karɓa daga tsohuwar makaranta shi ne kiredit ɗin kwasa-kwasan, makin bai biyo ta ba, GPA ya koma sifili aka fara sabon lissafi. Gasar rubutu ta shiga mujallar shari'a da aka ware wa ƴan tiransifa ta faɗo daidai makon intabiyu, ta yi ta cikin gaggawa ba ta samu ba, sai wata ƙaramar mujalla ta shiga. Ƴan ajin sun riga sun ƙulla abota tun shekarar farko, ita da sauran ƴan tiransifa suka zama rukuninsu daban, zangon farko ta ce ta fi jin kaɗaici fiye da duk rayuwarta, ba Hausar da za ta ji in ba ta kira gida ba, sai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ce ta ɗan riƙe ta. Makinta ya tsaya a tsakiyar aji, ɗan sama kaɗan.

Ta so ta gwada aikin taya alƙalin tarayya, wanda ake nema a watan Yuni bayan shekara ta biyu kuma yana son wasiƙu uku masu ƙarfi daga farfesoshin da suka san ka. Ita shekara ɗaya kawai ta yi da su, a manyan azuzuwa. Ta nema ba a kira ta ko sau ɗaya ba.

Aikin bazarar 2024 ya tafi lafiya, mako 10, ana biyanta daidai da albashin sabon lauya wanda ya tashi daga dala 215,000 zuwa 225,000 a shekara, wato sama da dala 4,000 a mako kafin haraji. Abin da ya rage ta zuba shi a kuɗin shekara ta uku don ta rage cin bashi, a shekarar ruwan Grad PLUS ya kai 9.08. A ƙarshen bazarar aka ba ta aikin dindindin.

Sakamako

Ta gama a Mayun 2025, ta zana jarrabawar shiga aikin lauya ta New York a ƙarshen Yuli, wadda ake ci da maki 266, sakamako ya fito a Oktoba ta ci, ta fara aiki. Bashin da ke kanta da ruwansa wajen dala 210,000 ne, in za a biya a shekara 10 ya kama kusan 2,600 duk wata. Ta koma gidan iyayenta a Bronx don kada ta biya haya, tana zuba fiye da ninki biyun wannan. Baban ya daina tuƙin dare, na rana yana nan. Awannin aikin suna da yawa, sau da yawa sai tsakar dare take shigowa.

Hukunci

A ganina tiransifar ta biya mata buƙata, amma ba don sunan makarantar ya ƙara mata ilimi ba, ita da kanta ta ce malaman shekararta ta farko ba su gaza na can ba. Abin da ta saya da wannan bashin shi ne a buɗe takardarta a karanta, da kuma tsofaffin ɗaliban da za su amsa imel. Ya yi aiki ne saboda abin da take so ɗin yana cikin ƴan ayyukan da albashinsu zai iya ɗaukar bashin. Da burinta aikin gwamnati ne ko kare baƙin haure ko buɗe ofishinta a unguwa, da na ce ta zauna inda take ta karɓi karatun kyauta, don ta 7 a aji da kujerar mujalla da farfesoshin da suka san ta sun ishe ta, kuma mai yiwuwa ma da ta fi samun aikin taya alƙali daga can. Ba kuma zan ɓoye ba, da wannan matsayin akwai yiwuwar ta samu babban kamfani ko da ba ta tafi ba, tunda masu ɗaukar aikin makin tsohuwar makarantar suka duba, tafiyar ta ƙara mata dama ne ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Damuwar baban ma ba ta rashin fahimta ba ce, ruwan nan yana hawa da gaske kuma shekaru zai ɗauka.

Wanda yake shekarar farko yanzu kuma kada ya ɗauki lissafin 2023 ya ɗora a kansa. Kamfanoni sun ƙara jawo ɗaukar ɗalibai gaba, da yawa suna karɓar takardu tun ɗalibi yana zangon farko ko na biyu, ke nan kafin amsar tiransifa ta fito a Yuli gurabe da dama sun tafi, kuma da sunan tsohuwar makaranta za ka nema. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 kuma ta rufe Grad PLUS ga sabbin masu cin bashi daga 1 ga Yulin 2026, ta ƙayyade bashin gwamnati na irin wannan karatu a dala 50,000 a shekara, wanda bai kai ko kuɗin makarantar T14 ba, ragowar sai banki. Kafin ya biya kuɗin fom ya buɗe rahoton 509 na makarantar da yake hange ya gwada GPA ɗinsa da na waɗanda suka ɗauka bara, sannan ya kira ofishin aikinsu ya tambaya ƙarara wane intabiyu ne ya rage wa wanda zai shigo a watan Yuli.